Yadda Jiki Ya Ke Wanke Kansa, Da Yadda Za Mu Taimake Shi

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da malamanmu, da sauran jama'ar wannan kwaleji, ina so mu yi nazari kaɗan a kan wani abin da ya shafi kowa, watau yadda jiki ya ke fid da dafi da ƙazanta daga cikinsa, da yadda ya ke tsare kansa daga cuta. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne, ba da daɗewa ba za a rarraba mu cikin garuruwa da ƙauyuka mu koyar. A wurare da yawa asibiti yana nesa, malamin makaranta kuwa yana kusa. Shi a kan tambaya idan yaro ya kwana yana zawo, shi a kan kawo wa kwalba a ce ya karanta abin da aka rubuta a jikinta. In malami ya san gaskiyar al'amarin, ya kan zama sanadin tsirar rai. In bai sani ba, bakinsa da na mai talla sun zama ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ya ji masu tallan magani suna cewa jinin mutum ya cika da datti, sai an wanke shi. Wani ya ce shayinsa yana wanke hanta, wani ya ce ruwan kwalbarsa yana share ƙoda cikin kwana 3. To, ga tambaya guda da ya kamata mu riƙa yi musu cikin ladabi: wane dafi ne maganin nan ya ke fitarwa, mene ne sunansa, ta ina ya ke fita? Da wuya ka sami mai amsawa. Gama mutum mai lafiya yana da ma'aikatan shara a cikin jikinsa, suna aiki dare da rana, ba su jiran shayin kowa.

MASU SHARAR GARI

Mu ɗauka jiki gari ne mai ganuwa. A cikinsa akwai masu shara, akwai kuma dogarai. Mu fara da masu shara.

Na farko hanta. Nauyinta ga babban mutum wajen kilo 1 da rabi ne, tana ƙarƙashin haƙarƙari ta hannun dama. Jinin da ya kwaso abinci daga hanji ba ya wucewa zuwa sauran jiki sai ya fara biyowa ta cikinta, kamar yadda kaya ba su shiga gari sai an duba su a ƙofa. Hanta ta kan sāke abubuwa masu cutarwa su zama waɗanda jiki zai iya zubarwa. Ga misali, idan jiki ya yi aiki da nama ko wake, a kan sami wani saura mai dafi da a ke kira amoniya. Hanta ce ta ke juya shi ya zama yuriya, wadda ba ta da wannan dafi, sa'an nan ta fita cikin fitsari. Ita ce kuma ta ke narkar da giya da yawancin magungunan da mu ke sha, ta ke yin ruwan ɗacin nan da ke taruwa a maɗaciya, wanda ya ke bi ta hanji ya fita da waɗansu tarkace.

Na biyu ƙoda. Guda 2 ne, kowace tana da ƙananan matatai wajen miliyan 1. Jinin babban mutum bai wuce kamar lita 5 ba, amma da ya ke yana ta zagayowa, ƙoda su kan tace ruwa wajen lita 180 a kwana guda. Kusan dukansa su kan mai da shi cikin jini, abin da ya ke fita fitsari lita 1 ne zuwa 2. Ku dubi wannan lissafi, ku gaya mini wace kwalba ce za ta yi irin wannan aiki.

Na uku huhu. Da kowane numfashi mu kan fid da gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama aiki da ita. A cikin hanyoyin iska kuma akwai majina da waɗansu ƙananan gasu waɗanda ido ba ya gani, suna ta turo ƙura sama har mu yi kaki mu tofar.

Na huɗu hanji, wanda ya ke fid da abin da bai narke ba. Fata kuma tana fid da gumi, amma ku lura, gumi ruwa ne da ɗan gishiri, babban aikinsa sanyaya jiki. Wanda ya lulluɓe kansa domin ya yi gumi ya fid da dafi, ruwan jikinsa kawai ya ke zubarwa.

DOGARAN GARI

Ganuwar ita ce fata, da majinar hanci, da ruwan tsamin ciki wanda ya ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa. In abokan gaba suka sami kafa suka shigo, sai fararen ƙwayoyin jini su tarye su. A cikin ɓargo a ke ƙera dogaran nan. Waɗansu su kan haɗiye ƙwayar cuta ɗungum, waɗansu su kan ƙera makami wanda ya dace da ita kaɗai. Kaluluwar da ta kan fito wa yaro sa'ad da ya yi miki a ƙafa, alama ce dogarai sun taru a wurin suna yaƙi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dogaran nan ba su mantuwa. In sun taɓa gamuwa da wata cuta, su kan riƙe kamanninta shekara da shekaru, ran da ta komo sai su far mata tun ba ta zauna ba. A kan wannan aka gina allurar rigakafi. A 1796 wani likita a Ingila, Edward Jenner, ya gwada cewa wanda aka sa wa cutar ƙurajen shanu, wadda ba ta da tsanani, ba ya kamuwa da agana. Daga nan aka yi ta ci gaba, har a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shela cewa agana ta ƙare a duniya. A 2020 kuma aka tabbatar ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Nijeriya da sauran yankin Afirka. A ƙarshen 2024 aka soma yi wa yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa. Waɗansu su kan ce rigakafi baƙon abu ne ga jiki. Ba haka ba ne. Rigakafi nuna wa dogarai hoton ɓarawo ne tun bai iso ba. Yaƙin kuwa jiki ne ya ke yi da kansa.

KADA A ƘARA WA MASU SHARA KAYA

Hanya ta fari ta taimakon jiki ita ce a rage dafin da ya ke shiga. Gidan da ba a zuba wa shara ba ya fi sauƙin sharewa. Ga waɗansu dafi na gaske waɗanda su ke kusa da mu, masu suna, ba irin na bakin mai talla ba.

Rogo. Babu ƙasar da ta fi Nijeriya noman rogo a duniya, mu kuwa a nan kusan kullum muna cinsa. Amma rogo, musamman mai ɗaci, yana da wani abu a cikinsa wanda ya kan zama dafin sayanayid. Iyayenmu mata sun san maganin abin tun dā: a feƙe shi, a jiƙa shi kwana 3 zuwa 5, ko a gurza a matse a bar shi ya yi tsami, sa'an nan a soya ko a shanya sosai. Ɗan abin da ya saura, jiki ya kan sāke shi ya fita cikin fitsari, amma yana bukatar abinci mai gina jiki kafin ya iya. A shekarun 1960 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya nuna dangantakar yawan cin rogon da ba a gyara sosai ba da wata cutar jijiyoyi mai sa tangaɗi da raunin gani da ji. Saboda haka gaggawar kai garin kwaki kasuwa tun bai yi kwanakinsa ba hatsari ne, cin rogo kullum ba wake ba kifi kuma hatsari ne na biyu.

Gyaɗa da masara masu fumfuna. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika sai aka tarar abincinsu ne, wanda aka haɗa da ƙuli-ƙulin gyaɗar da ta yi fumfuna. Dafin da aka gano a ciki shi a ke kira afalatoksin. Yana lalata hanta, yana kawo mata ciwon daji, balle ga wanda ya ke ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Dahuwa ba ta kashe shi. Maganinsa shi ne a busar da amfanin gona sarai, a kan tabarma ko daɓe, ba a ƙasa tsirara ba, a ajiye a wuri marar laima, a tsince ƙwayoyin da suka yanƙwane ko suka sāke launi a zubar. Kada a ce a ba yara ko kaji domin gudun hasara.

Darma. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a waɗansu ƙauyukan Zamfara, domin ana niƙa duwatsun zinariya masu darma a cikin gidaje, ƙurar ta shiga abinci da hannuwan yara. Ba shayi ne ya ceci waɗanda suka rage ba. Kwashe gurɓatacciyar ƙasar aka yi daga gidaje, likitoci kuma suka ba da magani na musamman wanda ya ke kama darma ya fid da ita.

Giya da taba da hayaƙi. Yawan shan giya, ko ta kwalba ce ko burkutu, yana sa hanta ta yi kitse, daga baya ta ƙanƙance ta taurare. A 2015 mutane da dama suka mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai dafin metanol. Hayaƙin taba ya kan kashe gasun nan masu share huhu, haka nan hayaƙin itace a ɗakin girki marar taga yana cutar mata da 'ya'yan da su ke goye.

Magani ba bisa ƙa'ida ba. Ko farasitamol, in an wuce adadin da aka rubuta, yana iya lalata hanta. Magungunan ciwon jiki da a ke sha kullum ba da shawarar likita ba su kan gajiyar da ƙoda. Haka kuma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ko yawansa. Ba ina rena itatuwanmu ba ne, gama magunguna da yawa na asibiti daga itatuwa aka samo su. Amma abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa, awo ne ya raba su.

ABIN DA MA'AIKATAN JIKI SU KE BUKATA

Ruwa mai tsabta. Ƙoda ba su iya aiki ba ruwa. Ba sai an ƙirga kofi ba, dubi fitsarinka: in ya yi fari-fari ka sha isasshe, in ya yi ja-ja ka ƙara. Ruwan rafi da na rijiyar da ba a rufe ba, a tafasa shi, a zuba a tulu mai marufi, a ɗiba da moɗa guda mai tsabta.

Abinci iri-iri. Dogarai da makamansu da abinci mai gina jiki a ke ƙera su, watau wake, gyaɗa mai kyau, waken soya, kifi, ƙwai, nono da nama. Yaron da ya rasa waɗannan, cutar da za ta kwantar da ɗan'uwansa kwana 2 tana iya kashe shi. Bitamin A yana tsare ido da fatar cikin hanci da hanji; ana samunsa a manja, karas, gwanda, mangwaro, kabewa, hanta, da ganyaye irin su zogale da alayyafo. Bitamin C yana cikin lemo, gwaiba, tumatir da garin 'ya'yan kuka. Tun a 1747 wani likitan jiragen ruwa, James Lind, ya gwada cewa lemo yana warkar da cutar nan mai sa dasashi zub da jini. Ganye da wake da hatsin da ba a surfe ƙwarai ba su ne su ke sa hanji ya yi tafiyarsa ba tare da wani magani ba. Gishiri kuwa a rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, watau kamar ƙaramin cokali 1, har da wanda ke cikin dunƙulen miya, domin hawan jini yana cikin manyan masu kashe ƙoda.

Amma a nan sai mu yi hankali. Zogale da tafarnuwa da citta da zoɓo abinci ne masu kyau, ina cinsu, ina kuma so ku ci. Sai dai rashin abinci shi ke raunana dogarai. In sun ƙoshi, ƙarin buhu goma ba zai mai da su ninki goma ba. Kada wani ya bar maganin asibiti na tarin fuka ko ciwon sukari ko ƙanjamau domin an ce masa garin wani ganye ya isa.

Nonon uwa. Ruwan nonon farko mai kauri, wanda a ke kira dakashi, waɗansu su kan matse shi su zubar suna cewa ƙazanta ne. Alhali kuwa cike ya ke da makaman da uwa ta ke miƙa wa jaririnta. A ba shi tun sa'ar farko, a ci gaba da nono zalla har wata 6. Kada a ba jariri zuma sai ya cika shekara 1.

Barci da motsa jiki. Babba yana bukatar barcin sa'a 7 ko fiye, yara kuwa fiye da haka. Mu ɗalibai mun san yadda mura ta kan bi ɗakunan kwana a makon jarrabawa, lokacin da kowa ya ke raba dare. Motsa jiki kuma, ko da tafiya ce da sauri, a yi wajen minti 150 a mako. Noma da ƙwallo da ɗiban ruwa duk suna cikin lissafi.

Tsabta. Wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayan gida da kafin cin abinci yana rage zawo da mura. A kwana cikin gidan sauro. A sa wa yara takalmi saboda tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa ta sha jini.

WANKIN CIKI

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Sa'ad da mu ke koyon aikin koyarwa a wata makarantar ƙauye, na lura akwai yara waɗanda su kan zo ran Litinin a galabaice, idanu sun faɗa. Da na tambaya sai suka ce an ba su maganin wankin ciki ran Asabar, wai domin a fid da dattin mako. Iyayen nan ƙauna ce ta sa su, ba mugunta ba. Amma abin da filasko ko kanwa mai yawa su ke fitarwa ba dafi ba ne, ruwa ne da gishirin da jiki ya ke bukata. Babba ya iya jurewa, ƙaramin yaro kuwa jikinsa ya kan bushe da sauri, ƙodarsa ta rasa ruwan aiki. Watau maganin da aka ce yana wanke jiki, shi ne ya ke tsai da mai wankin.

In yaro yana zawo, ruwa za a mayar masa. A samo ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a dama yadda aka rubuta, a haɗa da ƙwayar zinki. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Kada a daina ba shi nono ko abinci.

In kuwa yaro ya sha kananzir ko maganin ƙwari, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, gama abin yana iya sarƙe shi ya gangara huhu. A ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan, a tafi da kwalbar. Tun farko ma kada a zuba kananzir a kwalbar lemo.

Akwai kuma alamun da ke nuna masu shara sun kāsa: ido ya yi rawaya, fuska da ƙafafu sun kumbura, fitsari ya ragu ƙwarai ko ya fito da jini. Waɗannan ba na jiƙo ba ne, na likita ne, kuma jinkiri yana iya cin rai.

YADDA ZA MU KOYAR

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Ga abin da na ke ba da shawara mu yi a aji. A kawo ruwa mai laka da ƙyalle fari, a tace a gaban yara, a ce musu haka ƙoda ta ke yi, sai dai tata matatar ta fi wannan laushi nesa. A kawo gyaɗa tafi guda, su tsince masu kyau da marasa kyau da hannunsu. A sa kowane yaro ya faɗi abin da ya ci jiya, a rubuta a allo, a duba wane iri ne ya ɓace. A dasa zogale da gwanda a lambun makaranta. A ajiye buta da sabulu a ƙofar bayan gida. In za a yi magana da iyaye kuwa, a yi da girmamawa, a fara da yabon abin da su ke yi daidai, kamar jiƙa rogo da ba da nono, kafin a taɓo wankin ciki. Wanda aka kunyata ba ya karɓar shawara.

Ga tambayoyi domin bita:

1. Faɗi gaɓoɓi 4 masu fid da ƙazanta daga jiki, da aikin kowace.
2. Don me a ke jiƙa rogo kwanaki kafin a ci?
3. Yaya allurar rigakafi ta ke aiki tare da fararen ƙwayoyin jini?
4. Uwa ta zo ta ce ɗanta ya sha kananzir. Me za ka ce ta yi, me za ka hana ta?

'Yan'uwa, Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Yaran da za a danƙa mana ba su da kuɗin sayen kwalabe masu tsada, ba su kuwa bukatarsu. Ruwa mai tsabta, abinci iri-iri, barci, sabulu da katin rigakafi, waɗannan su ne abin da za mu kai musu. Mu fara da kanmu tun muna nan kwaleji, domin yaro ya fi koyon abin da ya ga malam yana yi bisa abin da ya ji malam yana faɗi.